Gwangwanin madara ya hana aji biyu zaman lafiya

Malamar Aji Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Wannan makon manhaja ta kawo ni kan siffofin abubuwa masu jiki, su kiyub (akwati mai gefe duk daidai), kuboid (kamar kwalin ashana), silinda da sauransu. Ranar Litinin na ɓata kusan minti 10 ina zana akwati a allo, har da layukan baya don ya fito sosai. Na juyo na ce, "Yara, mene ne wannan?" Suka haɗa baki, "Sikwaya!" wato murabba'i. Na ɗaga ƙwallo, suka ce, "Sakul!" wato da'ira. Raina ya ɓaci, amma da na koma gida na zauna sai na ga ba laifinsu ba ne, abin da ke allon ai shafaffe ne. Yara 94 gare ni, darasi minti 35, kayan koyarwa kuwa babu ko ɗaya. Wa yake da wasan da ya gwada ya ga amfaninsa?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Wasa da yara 94? Allah ya ba ki haƙuri. Rubuta musu a allo: kiyub fuska 6, gefe 12, kusurwa 8. Su maimaita har ya zauna. Haka aka yi mana, ga mu nan ba mu manta ba.

Maman 'Yan Biyu: Baba, a yi mini afuwa, ni uwa ce kawai a zauren nan. Nawa sun haddace wannan karatun tsaf, suna rera shi kamar waƙa. Ran nan na miƙa wa macen kwalin ashana na ce nuna mini gefe 12 ɗin, ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Mama, wannan ai ashana ce." Tun daga ranar na daina yarda da waƙar.

Malamin Lissafi na Ƙauye: Malama, ki ajiye sunayen nan tukuna, za su zo da kansu. Gobe ki ce kowane yaro ya zo da abu ɗaya daga gida wanda ba a bukata: kwalin ashana, kwalin shayi, gwangwani, guntun sabulu, lemo, goruba, murfin jarka, tsohon mazurari, ƙwallon roba. Ki jingina benci ɗaya a kan bulo ya zama gangare. Ki zana manyan da'irori biyu a ƙasa da alli, ɗaya gidan masu gangarawa, ɗaya gidan masu zamewa. Kafin a saki kowane abu, sai aji ya yi hasashe: wanda ya ce zai gangara ya miƙe tsaye, wanda ya ce zai zame ya zauna. Kin ga duk 94 ɗin suna cikin wasan ke nan, alhali yaro ɗaya ne kawai ya fito gaba. Ki fara da lemo da kwali, waɗannan babu gardama. Gwangwanin madara ki ɓoye shi sai can wajen ƙarshe.

Malamar Aji Biyu: Me ya sa Malam?

Malamin Lissafi na Ƙauye: Saboda shi ne zai raba miki aji biyu. Rabi za su miƙe, rabi za su zauna, kuma kowa yana da gaskiya. Kwantar da shi ya gangara, tsayar da shi ya zame. Kada ki yanke musu hukunci. Ki tambaye su a wane gida za a ajiye shi, ki yi shiru. A ajina bara wata yarinya ce, wadda ko sunanta ban cika ji a aji ba, ta taso ta goge gefen da'irar da tafin ƙafarta ta sake zanawa yadda biyun suka shiga juna, ta dasa gwangwanin a tsakiya. Ni ban koya mata ba. Daga nan ne na samu ƙofar tambayar da nake so: me ke jikin gwangwani da ya sa yake iya duka biyun? Suka ce yana da wajen zama, yana kuma da wajen mirginawa. To ai silinda ke nan, saura suna.

Tsohon Hedimasta: Yarinya ɗaya cikin nawa? Sauran fa suna can baya suna dambe a kan lemo. Kuma ranar jarrabawa ba benci za a kawo musu ba, zane za su gani a takarda a ce su rubuta suna da Turanci.

Mushe (wato malamin boko a Nijar) daga Damagaram: Gaisuwa ga kowa, ina wuni Baba. Mu ma nan Nijar matsalar iri ɗaya ce, sai dai namu sunayen da Faransanci suke zuwa. Yaron da bai daɗe da shiga lakwal ba, wato makarantar boko, a ce ya riƙe kalmar da ko ubansa bai taɓa ji ba. Abin da nake yi, ina barin su su raɗa wa abin suna da Hausa tukuna. Mulmulalle, mai tsini, ɗan gwangwani, ɗan akwati. Bayan kwana biyu sai in ce, to wannan ɗan akwatin naku ga yadda littafi yake kiran sa. Sunan littafi ya samu wurin sauka ke nan. Amma fa kalmarku ta Kano ta taɓa ba ni kunya. Na ce musu wannan mai tsinin sunanta dala, aji ya fashe da dariya, domin a wurinmu dala kuɗi ce, tamma biyar. Wani ya ce, "Mushe, ba ni biyu in sayi alawa." Sai da na nuna musu hoton hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, wadda take da faɗi a ƙasa tana tsukewa zuwa sama, sannan suka gane inda na dosa.

Malamar Aji Biyu: Mushe ka ba ni dariya. Mu ma nan ba su san dalar gyaɗa ba ai, iyayensu ma da yawa ba su gan ta da ido ba. In na ce dala, Dutsen Dala za su nuna mini.

Malamin Islamiyya: Tunda ana zancen suna, ni ma na sha tawa. A Larabci wannan siffar haram ake ce mata, da ƙaramar ha da gajeren wasali, jam'inta ahram, kamar na Masar. Na faɗa a aji, yara suka yi tsit, wani ya ce, "Malam, to me ya sa ka kawo ta?" Kiyub kuwa muka'ab ne, tushensu ɗaya da sunan Ka'aba, shi ya sa yara ba sa mantawa da shi in an faɗa musu. Sai dai malami ya sani, in za a bi awo, tsayin Ɗakin da faɗinsa ba daidai suke ba, don haka a lissafi ya fi kusa da abin da kuke kira kuboid.

Malamin Kwalejin Ilimi: Bari in sa baki. Abin da Malama ta gani ranar Litinin an daɗe da nazarinsa. Wasu malamai biyu 'yan ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, sun rubuta a kansa a 1957. Suka ce yaro yana fara gane siffa ne da kamanninta gaba ɗaya, "ta yi kama da akwati," sai daga baya ya iya rarrabe sassanta, fuska da gefe da kusurwa, sai can gaba ya gane dangantakar wata siffa da wata. Kuma abin da ke ɗaga yaro daga mataki zuwa mataki koyarwa ce da abin da ya taɓa da hannunsa, shekaru kaɗai ba sa yi. Wanda aka ba haddar mataki na biyu yana kan na ɗaya zai rera ta, amma ba zai iya aiki da ita ba, kamar 'yar Maman 'Yan Biyu. Tun kafin su ma, Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda ya ƙirƙiro sunan kindagatin, wato makarantar ƙananan yara, a 1840, cikin kayan wasan da ya tsara wa yara, na biyu abubuwa uku ne na katako: ƙwallo, kiyub da silinda. Ya sa silinda ne don tana gangara kamar ƙwallo, tana kuma zama daram kamar kiyub. Gwangwanin Malamin Lissafi ke nan, shekara kusan 200 da suka wuce.

Malamin Lissafi na Ƙauye: Ashe ni da Bajamushe muka yi tarayya ban sani ba. Malam ya buɗe mana lacca kyauta.

Tsohon Hedimasta: Bajamushen yara nawa ne a ajinsa? Ku amsa mini wannan.

Anti Mai Nazire: Baba yana da gaskiya a nan, kada mu yi masa taron dangi. Wasan da ya yi kyau da yara 20 yana iya zama tashin hankali da 90. Ni ga abin da ya yi mini aiki lokacin da nake makarantar gwamnati. Layi-layi nake raba su, kowane layi da shugabansa da buhunsa, tsohon buhun shinkafa ƙarami ko jakar atamfa. A zuba abubuwa biyar ko shida a ciki. Yaro ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya kama abu ɗaya, ya faɗa wa layinsu abin da hannunsa yake ji. Doka ɗaya ce: ba a faɗin sunan abin. Ba zai ce sabulu ba, sai dai ya ce yana da wajen zama ta ko'ina, yana da kusurwa tana sukana, ba ya mirginawa. Sauran su canka. Da ido yaro yana ganin jan kwali ya ce shayi ne, zance ya ƙare. Da hannu kuwa launi da rubutu sun ɓace, sai siffar kaɗai. A makarantun yara masu bin tsarin koyarwa na Montessori akwai irin wannan jakar, nasu kayan na katako ne masu tsada, namu na bola ne, aikin ɗaya.

Gargaɗi biyu amma. Gwangwanin tumatir da aka buɗe da wuƙa kada ya shiga buhu, na taɓa ɗaure yatsan yaro da gefen mayafina ina salati. Ki nemi na madarar gari mai murfi, ko wanda ba a fasa ba. Na biyu, dunƙulen Maggi da sukari mai ƙwaya sun dace da darasin sosai, amma ba sa dawowa. Na zuba takwas, na ƙirga uku.

Maman 'Yan Biyu: Anti, ai ba ɓata suka yi ba, an adana su ne a inda ba za su lalace ba.

Baban Khalifa Magini: Salamu alaikum malamai. Ni ba malami ba ne, matata ce ta sa ni a zauren nan saboda yaranmu, yau ne na ga zancen da zan iya tofawa. Ku ƙara musu wasan gini. A ba kowane rukuni tarkacensu a ce su yi hasumiya, wadda ta fi tsawo ta ci. Da kansu za su gano kwali yana hawa kan kwali, gwangwani yana hawa in an tsayar da shi, lemo ba ya ɗaukar kowa, mazurari kuma sai dai ya zama hula a can sama. Yaron da na ɗauka aiki, in bai san wannan ba, ba na ba shi cokalin gini. Sannan ku nuna musu tubalin gargajiya in akwai a kusa. Bulon siminti akwati ne, amma tubalinmu na ƙasa da hannu ake mulmula shi, gindi mai faɗi, kai a tsuke, a jera shi kan yana sama a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Da irinsa aka yi tsofaffin gine-ginen Kano da Zariya. Ku tambayi yaran wane gida za su sa shi, ina son in ji amsar.

Malamin Kwalejin Ilimi: Wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai. Tubali, ƙwai, tulu, kalangu, duk ba su da gida a littafin aji biyu. Ya kamata a yi da'ira ta musamman, gidan baƙi, don yaro ya san ba kowane abu ne a duniya yake da suna a manhaja ba.

Malamar Aji Biyu: Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Amma ga inda nake tsoro. In an zo ƙirga, silinda fuska nawa zan ce? Littafin da ke hannuna ya ce 3. Wanda abokiyar aikina take amfani da shi ya ce 2.

Tsohon Hedimasta: Uku. Sama, ƙasa, da jiki. Gefe 2, kusurwa babu.

Malamin Lissafi na Ƙauye: Biyu, Baba. Fuska shafaffiya ce. Jikin gwangwani lanƙwasasshe ne, ba ya cikin lissafin.

Tsohon Hedimasta: To ƙwallo ba ta da fuska ke nan? Me kake taɓawa in ka riƙe ta?

Malamin Kwalejin Ilimi: Ku biyun ba ku saɓa a kan gwangwanin ba, a kan kalmar kuka saɓa. Asalin ƙirgar fuska da gefe da kusurwa an yi ta ne don siffofin da duk jikinsu shafaffe ne. Akwai ƙa'idar da masanin lissafi Leonhard Euler ya bayyana a 1750: a tara kusurwa da fuska, a cire gefe, za a samu 2. Kiyub: 8 da 6 sun ba da 14, cire 12, saura 2. Dala mai gindin murabba'i: kusurwa 5, fuska 5, gefe 8, saura 2. Ku gwada da silinda a lissafin Baba: babu kusurwa, fuska 3, gefe 2, saura 1. Ƙa'idar ta ƙi, domin ba don irinta aka yi ta ba. Malama, ki ce musu silinda tana da fuska shafaffiya 2 da jiki lanƙwasasshe 1. Duk littafin da ya zo, yaron da ya riƙe wannan zai gane abin da ake tambaya.

Tsohon Hedimasta: Biyu da ɗaya dai uku ne.

Mushe daga Damagaram: Baba ba ya faɗuwa ƙasa. Malama, ga wani da zai warware miki matsalar sikwaya da sakul kai tsaye, mu muna kiran sa bin sawu. Rairayi ba ya yi mana wuya a nan. Ki jiƙa shi kaɗan a faranti ko a bakin aji, yara su rufe ido, ki danna abu ki ɗauke. Su zo su duba sawun su faɗi wanda ya taka. Gwangwani a tsaye yana barin da'ira. Mazurari a kife shi ma da'ira yake bari, sai gardama ta tashi, wanda kuwa ita ake nema. Kwalin ashana yana da sawu iri uku, gwargwadon ɓangaren da aka danna. Daga nan yaro yake gane da'ira sawu ce, gwangwani kuma shi ne mai sawun. Ba na jin wanda ya yi wannan zai sake ce wa ƙwallo da'ira.

Anti Mai Nazire: Na gefe da kusurwa kuma, tsinken tsintsiya da yumɓu. A karya tsinke daidai-daidai, a mulmula yumɓu ƙanana kamar gujiya. Ki ce su gina akwati, amma sai sun zo wurinki sun "sayi" kaya, su faɗi tsinke nawa da curi nawa suke so. Yawancinsu 8 za su nema, su haɗa murabba'i biyu su tsaya suna kallo, sannan su dawo neman ƙarin 4 na tsaye. Goma sha biyun Baba ke nan ta fito, curin yumɓu kuma 8. Wannan ya fi dacewa da ƙarshen aji biyu ko aji uku, 'yan aji ɗaya yumɓun za su shafa wa juna.

Tsohon Hedimasta: To ku saurara, tunda kun taru a kaina. Na yi shekara 35 a aji da ofis, na ga malamai da yawa da suka yi wasa mai daɗi, yara suka yi ta shewa, aka tashi babu ko layi ɗaya a littafi. Bayan sati biyu ka tambayi yaro me ya koya, ya ce, "Mun yi wasan lemo." In za ki yi, 'yata, minti 10 na ƙarshe na rubutu ne. Su ja layi a tsakiyar shafi, su zana abin da ya shiga kowane gida, ki rubuta sunan littafi a ƙarƙashi su kwafa. Kuma ki sanar da hedimastanki tun da safe, kada ya ji hayaniya ya zo da bulala. Ki sa shi a takardar shirin darasi ma, saboda masu zuwa duba aiki abin da ke rubuce suke tambaya.

Malamin Lissafi na Ƙauye: Wannan kam babu ja, Baba. Ni kaina na sha yin wannan kuskuren.

Malamar Aji Biyu: Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto. Jiya Alhamis muka yi na benci. Kaya sun zo fiye da yadda na zata, har da wanda ya ɗauko murfin tukunyar uwarsa, ta biyo shi makaranta. Na bi shawarar Baba na gaya wa hedimasta, ya zo ya tsaya a taga bai ce komai ba har aka gama. Gwangwani ya yi abin da aka ce zai yi, sai dai nawa ba su haɗa da'ira ba, wani yaro cewa ya yi a kawo gwangwani biyu, a kwantar da ɗaya a can, a tsayar da ɗaya a nan. Na karɓa. Mazurari ne ya ba mu mamaki, da aka kwantar da shi bai gangara ƙasa sosai ba, sai ya yi kwana ya faɗo ta gefen benci, aka maimaita sau uku yana yin haka. Wata ta ce don kansa ɗaya ya fi ɗaya girma ne. Rubutun minti 10 bai samu ba, minti 4 ya rage, yau muka ƙarasa.

Matsalar da ta taso yanzu: wata ta kawo dawon fura, aka sa shi gidan masu gangarawa tare da lemo. Kafin a tashi wani ya zauna a kansa. Ya baje, aji kuma ya rabu, wasu sun ce a mayar da shi gidan masu zamewa, mai furar tana kuka ta ce a mulmule ta kawo shi, a gidan lemo zai zauna. Na ce sai Litinin.

Tsohon Hedimasta: Ki fara biyan yarinya kuɗin furarta tukuna. Nawa ne dawon?